Wutar Da Baba Isiyaku Ya Bi

Duk yaron da ya sauka Dubai ya ji ina aikin ceto a bakin teku, sai ya neme ni in sa masa baki a ɗauke shi. Ko bai faɗi dalili ba na san shi. Sun ga hotona a waya: jan gajeren wando, baƙin tabarau, ina hakimce a kan doguwar kujera ƙarƙashin lema, mutane na wanka a gabana. Wanda ya yini yana cusa kwalaye a kwantena a Jebel Ali, in ya ga wannan hoton dole ya ce ga aikin 'yan hutu. Wani a ɗakinmu na Al Warsan har cewa ya yi, "Kawu Habu, kai dai ana ba ka albashi ne ka sha iska." Ban ji haushinsa ba, don ni ma haka na ɗauka kafin in hau kujerar. Saboda irinsu na zauna rubuta wannan.

Ni Basarke ne, ɗan masunta daga Yawuri, a cikin kwalekwale na yi wayo. Wani ɗan kasuwa na Kano ya kawo ni ina yi masa lodin kaya a Al Khabaisi, kasuwa ta juya masa baya, ya koma gida ya bar ni da biza tana neman mutuwa. A masallacin Juma'a na haɗu da Baba Isiyaku. Bahaushen Gana ne daga zangon Sekondi, gajeren dattijo mai faffaɗan ƙirji, gishirin teku ya cinye masa gashin gira. Shi ne shugaban masu ceto a bakin ruwan wani otal can wajen Jebel Ali.

"Ka iya ruwa?" ya tambaye ni.

"Baba, ai a ruwa aka haife ni."

"Ruwan kogi," ya ce. "Yoo. Zo gobe mu gani."

Aikina na farko shi ne shan ruwan gishiri. Ya kai ni wani wuri da ruwan ya kwanta luf, babu kumfa, raƙuman ruwa na fashewa dama da hagu amma nan shiru. Ya ce in shiga in ɗan yi nisa in dawo. Shiga ba wuya. Da na juyo, sai na ga ina ta iyo gaɓa na ƙara nisa. Na ƙara ƙarfi, ta ƙara nisa. Shi kuwa yana zaune a kan allonsa mai yawo a kan ruwa kusa da ni yana kallo, kamar mai jiran shayi ya huce. Sai da hannuna ya mutu ya ce, "Ɗan Najeriya, bar faɗa da shi. Yi gefe." Na yi gefe, ruwan ya sake ni. A kan yashi, ina amai, ya yi mini bayani. Kogi hanyarsa ɗaya, kowa ya san inda ya dosa. Teku kuwa duk ruwan da ya turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, kuma hanyar komawar ita ce wurin da ya fi kyaun gani. Nan baƙi ke zaɓa su sa 'ya'yansu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai usur a wuya, da jar robar ceto mai igiya da kake ratayawa a kafaɗa, da tutoci na gaya wa mutane halin ruwa, da madubin hangen nesa, da oba-oba. Sai babur ɗin ruwa, da allon da ake ɗaura masa a baya don ɗora wanda aka ciro. Kowace safiya kafin baƙo ɗaya ya taka yashi, Baba Isiyaku zai bi igiyoyin nan da yatsa, taƙi bayan taƙi, don gishiri na cin igiya ta ciki ya bar wajenta lafiya lau. Zai duba mai, ya duba batir, ya wanke madubi da ruwan daɗi. In ya tarar da yashi a cikin usur ɗinka, ranar ka ji Hausa da Turanci da Tuwi a haɗe.

Amma babban kayan aikin ido ne, kuma shi ne ba a gani a hoto. Ku kuna zaton mai nutsewa ihu yake yi yana ɗaga hannu. Ba ya yi. Ba shi da numfashin ihu. Kansa zai karkata baya, bakinsa na shiga ruwa yana fita, hannuwansa kamar mai neman hawa tsani, kuma na kusa da shi na ta dariya bai sani ba. Don haka idonka ba ya zama wuri ɗaya. Ka faro daga duwatsun dama, ka bi kawuna ɗaya bayan ɗaya har igiyar iyaka ta hagu, ka dawo, ka sake. Haka za ka yini. Da zafi, lokacin da yashi ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, hasken ruwa na sukar ido har ka koma ɗaki kana ganin walƙiya in ka runtse. Da azumi ma haka. Salla bi da bi muke yi, wani bai sauka ba sai wani ya hau. In an yi maka magana, ka amsa da baki kawai, fuskarka na ruwa. Baƙi da yawa sun kai ƙarata wai ba ni da ladabi.

Wani ƙaton baƙo da na ciro a shekarata ta farko shi ya koya mini sauran. Ya ci ya sha ya yi tatil, ya shiga ruwa ya wuce iyaka. Da na isa na miƙa masa roba, bai ko kalle ta ba, wuyana ya cafke da hannu biyu ya hau kaina. Mai nutsewa ba ya ganin mutum, abin takawa yake gani. Na yi yadda aka koya mini, na nutsa ƙasa da shi, don ƙasa ce kaɗai inda ba ya son zuwa. Ya sake ni, na zagayo ta bayansa na ɗaura masa robar. Da muka fito ya huta, abin da ya fara nema agogonsa ne, har ya je wajen mudir, wato manajan otal, yana cewa a ruwa na ɓatar masa. Akwai masu godiya, ban ce babu ba. Wata tsohuwa da muka ciro jikanta ta yi ta kawo mana dabino har ta bar garin. Amma wanda ya shigo aikin nan don a gode masa ya yi ɓatan kai.

Doka ɗaya Baba Isiyaku ya fi tsanantawa, ta maganar oba-oba. Wanda ya shiga ruwa a kan babur ba ya ganin komai sai raƙumin ruwan da ke gabansa, na kan kujera shi ne idonsa. Saboda haka amsar na kujera ba ta wuce uku: na gani, ban gani ba, ban tabbata ba. Ba a ƙari, ba a kwantar wa mutum da hankali da abin da ido bai gani ba. Wani abokin aikinmu ya taɓa cewa "babu kowa a bayan duwatsu" alhali bai ɗaga madubi ya duba ba. Aka je, da gaske babu kowa. Duk da haka Baba ya sauke shi daga kujera, ya ba shi manjagara ya yi ta sharar yashi har sai da ya roƙi gafara. Ya ce mana, "Ran da na daina yarda da bakinka, khalas, shi ke nan, ni makaho ne a cikin ruwa."

Sai muguwar shekara ta zo, wadda kuɗi ya karye a garin nan. Waɗanda suka zo daga baya ba su ga Dubai ta lokacin ba. Dogayen gine-gine suka tsaya rabi da rabi, ƙarafa tsirara. Motoci sun yi ƙura a inda masu su suka bar su suka gudu. Otal ɗinmu ya zama kufai, kujerun kwanciya jere babu mai hawa. Aka fara sallamar ma'aikata, kowane ƙarshen wata sai ka ga gado ya zama babu kowa a ɗaki. Jirgin cetonmu mai inji ya lalace, aka ce a jira sai abubuwa sun gyaru, aka ja shi bayan sito aka rufe da tamfol. Mu da muke da yawa a bakin ruwa muka koma mutum biyu a kowane aiki. Ƙa'ida ita ce babur ya fita da mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kan allo, na uku na kan kujera. Baba ya faɗa wa mudir, mudir ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma bai san ko zai kai wata mai zuwa ba.

Cikin sanyin shekarar aka yi iskar da ban taɓa ganin irinta a nan ba. Shamal suke ce mata, daga arewa take zuwa, amma ta ranar da ruwan sama da tsawa ta zo. Da safe lafiya lau, sai wajen azahar teku ya canza launi ya koma kamar ruwan wanki. Muka kafa jajayen tutoci, muka rufe bakin ruwa, muka naɗe lemomi muka ɗaure kujeru. Kafin la'asar raƙuman ruwa na tsallake duwatsun da aka jera don kare gaɓa, kumfa na tashi har kan ciyawar otal. Ruwan sama a kwance yake zuwa, haɗe da yashi, yana dukan fuska. Ni da Baba ne a bakin aiki. Babu baƙo ko ɗaya a waje, amma ba a barin kujera don an rufe ruwa, saboda kullum akwai wanda zai fito ɗaukar hoto.

Abu ɗaya ya tsaya wa Baba a rai tun rana. Akwai wani ƙaramin jirgin masunta, fari mai shuɗin baki, da ke wuce mu kowace safiya ya dawo kafin la'asar. Ba mu san sunayensu ba, hannu kawai muke ɗaga wa juna. Ranar mun ga fitarsu, ba mu ga dawowarsu ba. Ya tambaye ni ya fi a ƙirga, ni kuma amsata ɗaya, ban gani ba.

Dab da magariba gajimare ya ɗan yage ta yamma, can ƙasa inda sama ta haɗu da ruwa. Ina kan kujera na lulluɓa da leda, Baba na bayana yana ƙara ɗaure ƙofar rumfarmu. Sai duk sama ta yi fari ta bayan gajimare. Ba irin farin walƙiya ba mai ƙiftawa ya wuce. Wannan ya tsaya, yana tafiya, har na ga inuwar kujerata tana juyawa a kan yashi. Sannan abin ya fito ta wurin da gajimaren ya yage: dunƙulen wuta fari mai ratsin kore, a karkace, da jela a bayansa. Ya kumbura ya tarwatse ba tare da ƙara ba. Gutsattsarin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai guda ɗaya ja da ya rage yana sauka a hankali a kan teku, daidai bayan duwatsu a ganin ido.

Wannan jan shi kaɗai Baba ya gani da ya juyo. Duk wanda ya yi aikin teku kuwa ya san ma'anar jar wuta mai sauka a hankali. Ita ce fileya, wutar da jirgi ke harbawa sama in ya ga halaka. Mai kallo daga tagar otal zai ce subhanallahi ya nemi wayarsa. Mu an horar da mu mu ga mutane a ƙarƙashinta.

"Habu, ka ga fileya?"

"Na ga wuta, Baba. Amma kafin ta yi ja fara ce, har da kore. Kuma daga sama ta zo."

"Fileya ma daga sama take sauka."

"Ban ga tashinta ba."

"Gajimare ya rufe. Jirgin nan ya dawo?"

"Ban gani ba."

Ya kira masu tsaron teku. Suka ce sun ji, kira ya yi musu yawa a kan wutar nan, jirginsu na tafe amma ruwan ya yi nauyi, zai ɗauki lokaci. Ya kira mudir, mudir ya ce kada kowa ya taɓa ruwa. Baba ya ce "yoo," ya ajiye oba-oban ofis, ya rataya na shiga ruwa, ya ɗauki rigarsa ruwan ɗorawa mai hana nutsewa. Na ce ya bari in hau allo mu tafi tare. Ya ce in mun tafi tare wa zai zama idonsa, kuma haske saura kaɗan. "Yalla, maza tura," ya ce. Na shiga ruwa har ƙirji na riƙe masa babur, ya jira raƙumi ya fashe, ya ba shi wuta ya bi bayansa. Na koma kujera da gudu na ɗauki madubi.

Ya wuce inda ruwa ke fashewa kenan sai ƙarar ta iso. Tsawa tun azahar muke ji, tana gungurawa ne. Wannan dukan ƙirji ta yi, kamar an buga ƙofar kwantena a cikin kunnena, sannan wata ƙarama ta biyo. Gilasan otal suka yi kaɗawa, motoci suka ɗauki kuka a wurin ajiya. Fileya ba ta da irin wannan murya, kuma ƙarar da ta daɗe haka kafin ta iso daga nesa ƙwarai ta taso. Na tuna muna yara a kan Kwara, in tauraro ya ja wuta ya faɗi babana kan ce an jefi shaiɗan. Ban taɓa ganin mai girman wannan ba, amma zuciyata ta ba ni shi ne.

Na danna oba-oba. "Baba, ka dawo. Ina jin ba jirgi ba ne. Abin sama ne, tauraro ne ya fashe."

Shuu ɗin iska kawai nake ji, sannan muryarsa. "Na ji ƙarar. Tankin mai ma in ya fashe haka yake yi. Ka tabbata?"

Na san mutumin nan. Da na ce na tabbata, a take zai juyo, don shi da kansa ya gina yardar da ke tsakaninmu, bai taɓa kama bakina da ƙari ba. Na ɗaga madubi na sake duba bayan duwatsu. Ruwa na hawa yana sauka, jirgi goma ma za su iya ɓuya a ciki. Ban ga jirgi ba, ban kuma ga babu jirgi ba.

"Ban tabbata ba, Baba."

"Yoo. Bari in leƙa bayan duwatsu shwaiya, kaɗan kawai, in dawo. Riƙe ni da ido."

Na riƙe shi. Rigar na bayyana a kan raƙumi, ta ɓace, ta sake bayyana. Ina gaya masa babba na zuwa ta dama, yana juya masa hanci. Ya kai ƙarshen duwatsu ya karya kwana. Sai wani labulen ruwan sama ya taso daga teku ya rufe duwatsun da shi da komai. Na yi ta kira. Da labulen ya wuce, haske ya tafi, kuma babu ruwan ɗorawa ko'ina. Tsoron da na ji a kan kujerar nan ban taɓa jin irinsa a cikin ruwa ba. Jirgin masu tsaron teku ya iso, suka yi iya ƙoƙarinsu da fitilu. Sai da gari ya waye, iska ta faɗi, aka same shi a tsakanin duwatsu, babur ɗin a gefe ya rabe biyu.

Masuntan nan kuwa tun da rana suka ga alamar iska suka shige wata tashar suka ɗaure jirginsu. Lokacin da Baba ke neman su suna shan shayi. Washegari gari ya ɗauka da zancen wutar. A shagunan Al Khabaisi wani ya ce makami ne, wani ya ce jirgin sama ne, masu ilimin abin suka ce dutse ne daga sama ya ƙone tun bai iso ba, can nesa a kan teku, inda babur ɗinmu ko man tanki nawa ya sha ba zai kai ba. 'Yan Gana na garin nan da 'yan kasuwar Kano suka haɗu, muka yi masa wanka muka yi masa salla, muka rufe shi a nan. Ba a daɗe ba aka gyara jirgin da ke bayan sito.

Yaron nan mai cewa ana biyana in sha iska, da na ba su labarin nan a ɗaki sai ya ce, "Kawu, da ka ce ka tabbata ai da yana raye." Na ce haka ne. Ya ce, "To in aka sake, me za ka ce?" Na ce abin da idona ya gani. Bai sake neman in sa masa baki ba, ya koma kwantenarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan tambayar na kan kujerar tana jiran duk wanda ya hau, lema ba ta kare ta.

Bayan jana'iza 'yan Gana suka ce ni zan yi magana da matarsa, Mma Memuna, tunda ni na ji muryarsa ta ƙarshe. Aka kira Sekondi aka miƙo mini waya. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da murya a dashe. An riga an gaya mata ya fita ceto ne cikin iska, ba a gaya mata sauran ba.

"Ɗana," ta ce, "mutanen da ya je ɗaukowa, an samu su?"

Mutanen ɗakin suka zuba mini ido, wani na yi mini alama da kai in ce e.

"Mma, babu kowa a ruwan. Tauraro ne ya faɗo, ya ɗauka jirgi ne ke neman taimako."

Ina jin kukan yara a bayanta.

"Babu kowa," ta ce. "To alhamdulillahi. Tun jiya nake tunanin matansu."